Ciwon Mafitsara Mai Daɗewa

Ciwon mafitsara mai daɗewa larura ce da ke sa mutum jin zafi ko nauyi a mara tare da yawan matsuwar fitsari har fiye da mako 6, alhali gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

Zafin kan ƙaru yayin da mafitsara ke cika, ya lafa da zarar an yi fitsari, can kuma ya dawo. Mai shi ba ya samun barcin kirki: ya tashi ya tsuguna, ya ɗiga ɗan kaɗan, kafin ya gyara kwanciya wata matsuwar ta taso. Wasu mata kan sha wuya wajen saduwar aure.

Masana na zargin lalacewar shimfiɗar da ke kare bangon mafitsara daga ciki, ta yadda sinadaran fitsari ke ratsawa su fusata jijiyoyi. A 1915 Guy Hunner, likitan mata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya bayyana wani gyambo da ake samu a mafitsarar kaɗan daga cikin masu ciwon, wanda har yau ake kira da sunansa.

Likita ba ya tabbatar da ciwon sai ya kawar da makamantansa: tsakuwa, ciwon daji, tarin fuka na mafitsara, da tsargiya, wadda ta yi yawa a ƙasar Hausa inda ake noman rani da wankan kududdufi. Abin takaici, mace kan shekara tana sayen maganin sanyi a kemis, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi wa wannan ciwo komai.

Ba a warkar da shi ɗungurungum, amma ana sauƙaƙa shi ƙwarai. Akan fara da gano abin da ke tayar da shi, kamar kofi, shayi, lemon kwalba, lemon tsami, tumatir da barkono, sai horar da mafitsara ta ƙara tazara tsakanin fitsari, da gashin ƙashi mai sassauta naman ƙugu. Rage shan ruwa kuskure ne, domin fitsari mai kauri ya fi zafi. Idan hakan bai wadatar ba, likita kan ba da amitiriftilin, ko ya zuba wani maganin ruwa mai suna DMSO cikin mafitsara ta siririyar roba, ko ya ƙone gyambon Hunner. Maganin Elmiron, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, na iya lahanta ido idan an daɗe ana sha, don haka masu shansa na buƙatar gwajin ido a kai a kai.