Ma'anar "dokin daji": ƙurun tsaunin Wales suna da masu su

Tun da wani bidiyon ƙananan dawakin tsaunin Wales masu kiwo cikin ƙanƙara ya cika Facebook, ko'ina sai ka ji "dawakin daji". Har a rediyo na ji an ce wai ba su da mai su. Wannan ce ta tsaya mini a rai.

In Bahaushe ya jingina dabba ga daji, yana nufin ba ta taɓa sanin turke ba, ba ta kuma cikin dukiyar kowa. Dokin da ya fi cancantar sunan shi ne takhi na Mongoliya. Mustang na Amurka kuwa jikokin dawakin gida ne da Turawan Sifaniya suka kai, suka tsere, suka hayayyafa.

Na cikin bidiyon daban ne. Da farko ma ƙuru ne, gajerun dawaki masu kaurin gashi. Suna zaune a tsaunukan Carneddau, cikin gandun Eryri da ke arewacin Wales, wanda aka keɓe tun 1951, kuma yawansu wajen 300 ne. Ba a ɗaura musu sirdi, ba a kai musu dusa. A kan dutse suke haihuwa, ciyawa da ƙayar tsauni suke ci. Amma mallakar wasu iyalai manoma ne da suka gaji haƙƙin kiwo a wurin kaka da kakanni. Sau ɗaya a shekara, wajen Nuwamba, sai iyalan da maƙwabtansu su hau tsaunin, wasu a ƙafa wasu a kan babura masu ƙafa huɗu, su koro garken zuwa gangare. A duba lafiyarsu, a ware waɗanda za a fitar, a datse gashin wutsiyar sauran don a gane an duba su, sannan a buɗe musu hanya su koma.

Ai muna da sunan wannan: kiwon sake. Akuyar da aka saka da rani tana yini a bayan gari, ba wanda ya ce ta zama gada. Taɓa ta ka ga mai ita. To, waɗannan ƙurun sake ne, sai dai sakensu na shekara guda ne cur.

Abin da ke ba ni haushi da kalmar "daji" a nan shi ne tana shafe wahalar mutanen. A 2013 ƙanƙara mai yawa ta sauka a ƙarshen Maris, daidai lokacin da goɗiyoyi ke da tsohon ciki, ta binne ƙuru da dama. Manoman nan ne suka hau tsaunin suna tono gawarwakin, suna ƙirga abin da ya rage na garken da iyayensu suka bar musu.