Fitattun Ƙagaggun Labarai da Waƙoƙin Soyayya na Hausa a Legas

Fitattun ƙagaggun labarai na Hausa su ne littattafan zube da suka jure wa zamani tun daga shekarun 1930, waɗanda ake koyarwa a makarantu, ake sake buga su, iyaye kuma suke miƙa wa 'ya'yansu. Waƙoƙin soyayya kuwa sun haɗa da rubutattu masu baiti da amsa-amo, da na baka da ake rerawa da gurmi ko kalangu ko tafi. A Legas, ko Ikko kamar yadda dattawa ke kiran ta, Hausawa sun daɗe da kafuwa a Agege da Idi-Araba da Obalende da kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago, kuma wannan adabi ya biyo su kamar yadda goro da shanu da albasa suka biyo hanya. Birnin ma yana da hannu a tarihin adabin fiye da yadda aka saba faɗa.

Littattafan farko

Tushen ƙagaggen labari a rubutun boko shi ne gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, ya shigo cikin jerin, suka zama biyar.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne da ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na ɗana wa ɗan'uwansa tarko. Littafi ne na raha da wasa da harshe. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Ya ɗebo wasu labaran daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne. Duk mai son ɗansa haifaffen Agege ya ji yadda ake jera zance da Hausa, daga nan ya kamata ya fara.

Shaihu Umar ya fi sauran nauyi a zuciya. Malami ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana ƙarami, aka ƙetara Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta, ba su sadu ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Babu saurayi da budurwa a tsakiyar labarin, amma da wuya a sami ƙauna a rubuce da Hausa da ta kai ta wannan uwa. Marubucin malamin makaranta ne a lokacin. Shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya zauna a Legas har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, kuma babban dandalin da ke tsibirin Legas sunansa yake ɗauke da shi. Da yawa daga masu wucewa ta wurin kullum ba su san mai sunan marubuci ba ne. Adamu Halilu ya mayar da labarin fim a 1976, aka nuna shi a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977 a Legas, sannan aka gyara tsohon faifan aka sake haska shi a bikin fina-finai na Balin a Jamus a 2018.

Jiki Magayi ne ya fara ɗora labari kacokan a kan soyayya. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya raba su, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sharrin kuma ya sauka a kan ɗan da aka haifa a auren. Tambayar da littafin ya ajiye, wato wa ke da ikon zaɓar wa yarinya miji, zuciyarta ko iyayenta ko mai kuɗi, ita ce marubuta suka yi ta juyawa shekaru hamsin bayan haka.

Gasa biyu da suka buɗe ƙofa

Kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970, aka buga littattafan a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed. Wannan na ƙarshe shi ake ɗauka ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Boɗaɗo 'yar Fulani ce ta kafe a kan Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarta ba ne, duk da ƙin danginta. Mazauna Legas, inda auren Bahaushe da Bayarabiya ba baƙon abu ba ne, suna karanta shi da wani ido dabam.

Gasa ta biyu ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ce, lokacin Legas na babban birnin ƙasa, aka kuma fitar da littattafan a 1982. A cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, da wasan kwaikwayo Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alkanci, da kundin waƙoƙi Dausayin Soyayya na Bello Sa'id.

Littattafan soyayya na Kano

Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. 'Yan ƙananan littattafai ne masu siririyar takarda, da hoton fure ko zanen budurwa a bango, labari ɗaya a raba shi kashi biyu ko uku, a yanke na ɗaya daidai inda hankali ya tashi don a nemi na biyu. Masu suka suka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano. An yi doguwar muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana ganin ba za su ɗore ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare su.

Gaskiya akwai ƙaiƙayi da yawa a cikinsu, amma akwai tsaba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya ba da labarin Sumayya 'yar masu hali da ta zaɓi Muhammad talaka, aka matsa mata ta auri mai kuɗi har ta faɗa rijiya. Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya shiga ɗakunan matan aure ko'ina. Wadda ta fi kowa kaifin alƙalami ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. A Wa Zai Auri Jahila? ta bi yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. A Alhaki Kuykuyo Ne ta nuna Rabi, uwar 'ya'ya tara, da mijinta ɗan kasuwa ya kora saboda amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Balaraba ba ta ƙawata talauci. Tana lissafa kuɗin cefane da na makaranta yadda mace mai gida ke lissafawa. Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012. Kiran waɗannan biyu littattafan soyayya kawai rage musu daraja ne.

Waƙa

A rubutacciyar waƙa ta dā, kalmomin so da bege da shauƙi sun fi tafiya wajen Manzon Allah (SAW). Malaman ƙarni na 19, ciki har da Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), sun rubuta madahu da ajami, kuma Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, cike take da wannan bege. Kunya da matsayin malanta sun sa ba a cika rubuta son mace a fili ba. Wannan fage sai ya zama na baka: waƙoƙin 'yan mata a dandali, da na amare ranar kai su ɗaki, da na makaɗa irin su Haruna Uji na Haɗeja, wanda waƙarsa ta Jummai da gurmi har yau take sa dattijon direba ya yi shiru in ta tashi a tasha.

Muhimmancin Dausayin Soyayya shi ne ya ɗauki awon da malamai suka gada, baiti mai ɗango biyu ko biyar, da amsa-amon ciki da na waje, ya zuba son ɗan'adam a ciki ba tare da batsa ba. Marubutan Kano su ma sun riƙa cusa baitoci a wasiƙun da masoya ke aika wa juna cikin labari, daga nan kuma hanya ta miƙe zuwa waƙoƙin fim. Irin wannan waƙa ba a karanta ta a zuci. Sai an rera ta sannan karinta ke fitowa.

Yadda ake samun su a Legas

Layin dogo ya haɗa Legas da Kano tun 1912, kuma littafi ya daɗe yana zuwa a jakar matafiyi. Ana samun tsofaffin bugu jefi-jefi wurin masu shimfiɗa littattafan addini a bakin masallatan unguwannin Hausawa, tsakanin Ƙawa'idi da Ahalari da carbi da turare. Mata kuwa aro suka fi yi: littafi ɗaya ya zaga gida biyar, bangonsa ya yage, a liƙe shi da salatif, a aiki yaro ya karɓo na biyu wurin maƙwabciya.

Yanzu waya ta karɓi yawancin aikin. Sabbin marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 kuma ta fito da wasu daga cikinsu. Matsalar da ta fi damun iyaye a Legas ita ce yaro ya iya Hausa a baki, ya iya Yarbanci da Ingilishi, amma ya buɗe Magana Jari Ce ya riƙa tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kasafai makarantun jihar ke koyar da Hausa ba. Shi ya sa karatun littafi da murya a YouTube ya samu karɓuwa sosai: tela na ɗinki a Idi-Araba yana saurare, mai ɗaukar kaya a Mile 12 ya sa abin ji a kunne, ɗan kasuwa kuma ya cinye babi biyu kafin motarsa ta fita daga cunkoson gadar Third Mainland.