Ma'anar "maslaha", kalmar da hukumomi ke yawan kafa hujja da ita

A bakin mutanen Gusau ko Birnin Kebbi, maslaha na nufin mafita. Idan 'yan'uwa suka yi rikicin gona, dattawa kan ce a zauna a samo maslaha. A bakin hukuma kuwa kalmar ta zama kamar hatimi: an rufe kasuwa don maslahar jama'a, an taƙaita hawa babur don maslahar jama'a, an yi sulhu da 'yan bindiga don maslaha, an fasa sulhun ma don maslaha. Da an furta ta sai kowa ya yi shiru, alhali a wurin malaman fiƙihu da suka gina bayaninta, daga nan ne ake fara tambaya.

Kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da sulhu, kishiyarta mafsada, wato ɓarna. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗaure ta da kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya zurfafa bayanin matakanta uku: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, sai kyautatawa. Idan suka yi karo, ta ƙasa ce ke kauce wa ta sama.

Wadda ta fi shafar mulki ita ce maslaha mursala, wato amfanin da babu nassin Alƙur'ani ko Hadisi da ya ambace shi, babu kuma wanda ya soke shi. Malikiyya sun shahara da aiki da ita. Misalinta da kowa zai gane shi ne na tela da marini. Asali wanda aka ba amana ba ya biya idan kaya suka salwanta ba da sakacinsa ba. Amma aka hukunta cewa mai sana'ar da ya karɓi yadin mutane zai biya, sai in ya kawo shaida, domin in ba haka ba kowane tela zai ce "ya ɓace", jama'a kuma ba su da makawa sai sun kai ɗinki.

Inda Gazali ya fi tsanantawa shi ne lokacin da za a cutar da wasu don a ceci wasu. Ya ce sai maslahar ta kasance larura, tabbatacciya, kuma ta game al'umma baki ɗaya. Ya buga misali da jirgin ruwa, wanda mutumin Yawuri ko Ngaski ba ya buƙatar a fassara masa: jirgi na shirin nutsewa, in aka jefa mutum ɗaya sauran za su tsira. Gazali ya ce bai halatta ba, ko da ƙuri'a ce ta faɗa kansa. A nan maslaha ta rabu da ra'ayin Bentham, masanin falsafar Ingila da ya rasu a 1832, wanda ke auna aiki da jimillar amfanin da ya kawo wa mafi yawan mutane. A maslaha yawa kaɗai ba ya halatta jinin marar laifi.

A ɗora wannan sikeli kan abin da ya faru a Zamfara. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layi a faɗin jihar. Mako biyu aka ambata da farko. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran yankuna suka kusa wata uku a rufe. Amfanin da aka nema a bayyane yake: a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, a toshe kiran neman kuɗin fansa. Wannan kare rai ne. To amma ƙauyen da aka shigo wa da dare ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro, mijin mai naƙuda ba zai iya kiran mota ba. Wannan ma rai ne. Ga masu POS da 'yan kasuwa da cinikinsu ya tsaya.

Tunda rai ne ya yi karo da rai, matakan nan uku ba za su raba gardama ba. Nan ne mutane ke saurin jawo ƙa'idar da ke cewa tunkuɗe ɓarna ya gabaci jawo amfani, kuma kuskure ne, domin ɓarna ce a ɓangarorin biyu. Ƙa'idojin da suka dace su ne a ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyu, kuma larura gwargwadonta ake ɗauka. Ba a gane mafi sauƙi da rantsuwa ko kyakkyawar niyya, sai da ƙididdiga.

Saboda haka duk sanarwar da ta jingina da maslaha ya kamata ta faɗi ɓarnar da ake son tarewa, da waɗanda za su ɗauki nauyin matakin, da ranar da zai ƙare. Idan an zo tsawaitawa, aikin majalisar dokokin jiha ne ta nemi adadin hare-hare da na mutanen da aka sace a kowace ƙaramar hukuma, kafin matakin da bayansa, ta kuma saurari hakimai, ma'aikatan asibiti da shugabannin kasuwa na Anka, Shinkafi ko Zurmi, ba na Gusau kaɗai ba.