Mai kwarmato a Maradi: ina zai kai maganar, kuma me zai kare shi?

A shekarar 2008 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda aka amince da ita a 2003. A cikinta akwai wani sakin layi da ba a cika maganarsa ba, alhali ya shafi kowane ma'aikaci a Maradi, tun daga mai riƙe da makullin mangaza har akawun ofishin magajin gari. Sashe na 13, sakin layi na 2, ya ɗora wa ƙasa nauyin tabbatar da cewa jama'a sun san hukumomin da aka damƙa wa wannan yaƙi, ta kuma buɗe hanyar kai musu rahoto, har ma ba tare da mutum ya faɗi sunansa ba inda hakan ya dace. Ke nan kafa hukuma kaɗai bai sauke nauyin ba. Sai an nuna wa mutane ƙofar shiga.

Hukumomi kam an kafa. An yi HALCIA, babbar hukumar yaƙi da cin hanci, a 2011, sannan bayan juyin mulkin 2023 aka kafa COLDEFF domin bin sawun dukiyar ƙasa da aka yi sama da faɗi da ita. Amma a ce wani ma'aikaci a Gidan Rumji ya ga takarda ta nuna buhu ɗari na hatsin da ake sayarwa da rahusa, shi kuma da hannunsa ya ƙirga saba'in aka sauke daga mota, aka ce ya sa hannu ya yi shiru. Dare ya yi, ya ɗauko wayarsa, ƴan kuɗin intanet ɗin da ya saka ba su da yawa. Abin da yake nema a shafin hukuma bai wuce ya san wa zai gaya wa ba, ko maigidansa a wurin aiki zai ji, da abin da zai biyo baya. In ya yi ta latsawa bai ga komai ba sai hotunan taro da jawabin buɗe bita, zai kashe wayar ya kwanta da abin a cikinsa.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan batu doka a rubuce. A Amurka, dokar 2008 da ta gyara aikin sufetoci-janar, wato masu binciken almundahana a cikin ma'aikatun gwamnati, ta ce dole kowace ma'aikatar tarayya ta sa mahaɗi a shafinta na farko, a inda ido zai faɗa masa, wanda zai kai mutum kai tsaye ofishin sufeton. Shi ma ofishin sufeton dole ya sa wurin kai ƙorafi a nasa shafin farko, kuma ba a tilasta wa kowa ya rubuta sunansa. Tarayyar Turai ta fi zurfafawa a ƙa'idarta ta 2019. Ta ce hukumar da ke karɓar ƙorafi ta ware fili na musamman a shafinta, mai sauƙin ganewa, ta bayyana sharuɗɗan samun kariya, lambar waya da adireshi, yadda ake rufa asirin mai magana, da inda zai kai kuka in an rama a kansa. Cikin kwana 7 a sanar da shi saƙonsa ya iso, cikin wata 3 a ba shi labarin inda aka kwana.

Wannan wa'adi shi ne abin da na fi so a ara. Wanda ya sa aikinsa da abincin iyalinsa a haɗari, sannan ya ji shiru kamar an shuka dusa, ba zai sake buɗe baki ba, kuma duk abokan aikinsa sun ɗauki darasi.

Sai dai kada a ruɗe, ganin ƙofa daban, kariya daban. Sashe na 33 na waccan yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke magana kan kare mai kwarmato, lafazinsa mai laushi ne: ya ce ƙasa ta duba yiwuwar saka kariyar a dokokinta ga wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya da dalili mai ƙarfi. Bai ce dole ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fito da tsarin kwarmato a Disambar 2016, har da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, amma manufa ce ta ma'aikatar kuɗi, ba dokar majalisa ba. Shi ya sa nake ganin wajibi ne shafin hukuma ya faɗi gaskiya, ya nuna iyakar kariyar da ake da ita, kada ya yi alkawarin abin da babu.

Akwai kuma dalilin da ya sa abin ya zama na gaggawa a wurinmu. Wanda bai ga hanyar hukuma ba, Facebook ko zauren WhatsApp yake nufa. A 2024 kuwa an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta kafar sadarwa. Mai gaskiya da ya ambaci sunan wani a fili ba tare da takarda a hannu ba, yana iya tsintar kansa gaban alƙali kafin wanda ya ci buhunan. Don haka kafin a yi magana, a rubuta rana da wuri, a ɗauki hoton takardar in da hali, a faɗi abin da ido ya gani kawai, a bar na jita-jita.

Saura harshe. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Filin kai ƙorafi a shafin hukuma in an rubuta shi da Faransanci zalla, an rufe shi ga mafi yawan ƴan kasuwa da manoman jiharmu. A sa shi da Hausa, a haɗa da lambar kira da wurin aika saƙon murya, sannan gidajen rediyon Maradi, Tasawa da Dakoro su riƙa karanta lambar, domin uwar da aka karɓi kuɗi a hannunta kan maganin da ya kamata ɗanta ɗan ƙasa da shekara 5 ya samu kyauta ba lallai ta taɓa buɗe shafin intanet ba.