Gidajen jere na zamanin Joj a Ingila: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne gidaje ne waɗannan?

Gidaje ne masu hawa uku ko huɗu da aka gina a jere, bango ɗaya ya raba kowane gida da maƙwabcinsa, a zamanin sarakuna huɗu masu suna Joj, daga 1714 zuwa 1830. Wanda ya fi shahara shi ne Royal Crescent a birnin Bath, gidaje 30 a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Fuskarsu iri ɗaya ce, amma bayansu kowa da tsarinsa, domin kowane mai fili ya kawo magininsa.

Yaya cikinsu yake?

Kicin yana hawan ƙarƙashin ƙasa, rumbun gawayin kwal kuma yana ƙarƙashin hanyar masu tafiya. Falon baƙi yana hawa na farko, shi ya sa tagoginsa suka fi tsawo. Masu aiki suna kwana can ƙarƙashin rufi, inda tagogi suka fi ƙanƙanta.

Me ya sa tagogin suke nutse cikin bango?

Tsoron gobara. A Landan, dokar 1709 ta ce a janye katakon taga inci huɗu daga fuskar bango, ta 1774 kuma ta ce a ɓoye akwatin tagar, wato katakon gefe da nauyin da ke riƙe ta yake ciki, a bayan bulo. Tagar murfi biyu ce, kowanne galibi da gilashi shida, ana zuge shi sama da ƙasa, igiya da nauyin dalma ko ƙarfe suna riƙe shi.

Me ya fi lalata su?

Ruwa da siminti. Rufin yana ɓoye a bayan rawanin bango, kuma idan ganye ya toshe magudanar da ke tsakiyarsa, ruwa zai riƙa sauka kan katako har ya ruɓe ba a sani ba. Shi kuwa bulon, da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaure shi, kusan awo ɗaya ga yashi awo uku, wanda ke barin danshi ya fita. In aka cike tsakanin bulo da siminti, danshi ya maƙale, sanyi ya daskarar da shi, sai fuskar bulo ta ɓare. Wanda ya ga ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti a Kano ya san ciwon.

Mai gida zai iya sauya abin da ya ga dama?

A'a. Idan gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, sauya taga ko rushe bangon ciki sai da izinin ƙaramar hukuma. A dokar Ingila ta 1990, yin haka babu izini laifi ne, hukuncinsa yakan kai tara ko ɗaurin shekara biyu.