Waiwaye: Yadda zinaren judo ya daina zama na Japan ita kaɗai

Jigoro Kano ne ya kafa judo a 1882, lokacin da ya buɗe makarantar Kodokan a birnin Tokyo. Ya tace dabarun tsohon faɗan jujutsu, ya ware masu haɗari gefe guda, ya mayar da sauran wasa mai ƙa'ida: ka kayar da abokin karawarka bayansa ya bugi ƙasa, ko ka danne shi, ko ka shaƙe shi har ya sallama. Wannan nasarar ita ce ippon, da an same ta wasa ya ƙare.

Da aka fara gasar cin kofin duniya a 1956 a Tokyo, ba a raba 'yan wasa bisa nauyi ba, domin Japanawa sun yi imani gwaninta ta fi girman jiki. Sau biyu a jere ɗan gida ne ya lashe. A karo na uku, a Paris a 1961, wani basamuden ɗan Holan mai suna Anton Geesink ya doke zakaran duniya Koji Sone. Bayan shekara uku aka saka judo a gasar Olamfik a karon farko, a Tokyo. Japan ta kwashe zinare uku na rukunan nauyi, amma na huɗun, wanda kowa ke iya shiga komai nauyinsa, shi ne abin da take ji da shi. A nan Geesink ya danne Akio Kaminaga a gaban mutanensa. Da magoya bayan Geesink suka yunƙuro za su hau tabarmar wasa don murna, hannu ya ɗaga ya dakatar da su, abin da Japanawa ba su manta masa ba. A ganina wannan kayen ya yi wa judo rana, don shi ya tabbatar wa sauran ƙasashe cewa su ma za su iya.

Mata sun daɗe suna jira: gasarsu ta duniya ta farko sai a 1980 a New York, lambobin Olamfik kuma sai a Barcelona a 1992. Ryoko Tani ta Japan ta zama zakarar duniya sau 7.

Dokoki ma sun yi ta sauyawa. An shigo da shuɗin kaya don alƙalai da 'yan kallo su bambance masu karawa, sannan daga 2010 aka fara hana kama ƙafa da hannu, aka tsaurara a 2013. Ɗan kokawar gargajiya da ya saba cafko ƙafa zai sha mamaki, don a can laifi ne.

Yau babbar kishiyar Japan ita ce Faransa, kuma Teddy Riner, haifaffen Guadeloupe, wani yankin Faransa a tsibiran Karibiyan, shi ne ginshiƙinta: kambun duniya 11, zinaren Olamfik na ƙashin kansa a 2012 da 2016 da 2024. A gasar Tokyo da aka yi a 2021 Japan ta ci zinare 9, har wa da ƙanwa, Hifumi da Uta Abe, suka ci nasu rana ɗaya, amma Faransa ta doke ta 4 da 1 a wasan ƙarshe na tawagar maza da mata. A Paris a 2024 Japan tana gaba da 3 da 1, Faransa ta farke, aka jefa ƙuri'ar rukunin da zai raba gardama, ta faɗa kan masu nauyi, Riner ya kayar da Tatsuru Saito.

Afirka kuwa har yanzu ba ta taɓa zinaren Olamfik a judo ba. Mohamed Ali Rashwan na Masar ya samu azurfa a 1984, bayan ya sha kaye a hannun Yasuhiro Yamashita da ke ɗingishi saboda rauni a ƙafa, daga baya aka karrama shi da lambar wasa mai tsafta. A 2008 Amar Benikhlef na Aljeriya ya ƙara azurfa, Soraya Haddad ta Aljeriya da Hesham Mesbah na Masar suka samu tagulla. Duka huɗun daga arewacin nahiyar suka fito.