Kogin Haɗejiya: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Ni mutumin gefen Ringim ne, gidanmu gidan 'yan fito ne. Tun da hotunan ruwanmu suka fara yawo a Facebook ake turo mini tambayoyi, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Ga amsa a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ana yin wasan nan na kwale-kwalen roba da muke gani a bidiyo?

Ba a yi. Wannan wasa sai inda kogi ke gangarowa da ƙarfi ta tsakanin duwatsu, kamar Zambezi ko Nilu a Jinja ta Uganda. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da laka, ruwan a kwance yake tafiya. Kwale-kwalen katako muke da shi, da filafili da gorar tuƙi.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗewa kafin Wudil. Daga nan ya biyo ta Ringim zuwa Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Wannan darasin firamare ne, jama'a.

Ina ya samo sunansa?

Daga garin. Shi kuma garin, abin da aka gada a baki shi ne wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya ne suka fara zama a wurin. Mutanen Wudil kuwa Kogin Wudil suke ce masa, kada ka tsaya musu da su.

Ni malamin makaranta ne, ina so in kawo ɗalibai su shiga kwale-kwale. Yaushe ya dace?

To, Malam, wannan ce tambayar da nake so a riƙa yi, kuma ba ta da amsa ɗaya. Abin da zan faɗa da ƙarfina shi ne, kada ka kawo yara a Agusta da Satumba. Lokacin cikowa ne, ruwan ya yi ja, ya hau gonaki, yana tafe da itatuwa, mashigin da ka sani bara ya sauya wuri. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ba sai an yi masa bayani ba. Oktoba ma ban yarda da ita ba, don ruwan kan daɗe bai janye daga fadama ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, amma ban ce babu haɗari ba. Kogin nan tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ba damina kaɗai yake bi ba. Idan an sako ruwa daga sama don noman rani, sai ka ga ya ƙaru alhali ko gajimare babu. Ga iskar hunturu, wadda kan tashi da hantsi ta riƙa kifa ruwa cikin jirgi a wurare masu faɗi. Shi ya sa na fi son a shiga da sassafe, ko da yake sanyin lokacin kan wahalar da ƙananan yara. Sai ka auna da kanka, gwargwadon shekarun ɗalibanka.

Kafin ranar, ka zo da kanka ka gaida Sarkin Ruwa na wurin da za ku shiga. Shi ya san inda gurbi yake, shi ya san jirgin da ke yoyo. Ka duba cikin jirgin da idonka: in ka ga an cusa tsumma a tsaga, ga yaro riƙe da kwano yana kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ka nemi wani. Kowane yaro da rigar kariya, ba guda biyar a yara talatin ba, kuma ka taho da su daga birni, don ba kowane mashigi ke da su ba. In mai jirgi ya ce goma zai ɗauka, ka saka takwas. A Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu. Har yau abin bai bar raina ba, shi ya sa nake faɗa da masu cewa ai sawu ɗaya ne, a matsa kawai.

In ka kiyaye waɗannan, kwantar da hankalinka, iyayenmu sun yi shekaru suna fito da mutane lafiya. In rigunan ba su samu ba, ku tsaya a gaɓa. Yara za su ga masunta a kan gora, su ga tarwaɗa da karfasa, ba su yi asarar tafiya ba.

Wace ciyawa ce ta cika ruwan?

Kacalla. Da can kogin kan ƙafe da rani, ita ma ta bushe. Yanzu ruwa ba ya yankewa, sai ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ga jan-baki da ke kwana a cikinta yana cin shinkafarmu. Ku daina rubuta "masha Allah, kore shar" a ƙarƙashin hotonta, manomi na kuka da ita.

Ina ake ganin tsuntsayen Turai?

Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, da hunturu. Ban da danƙo, ban da bindiga.

Za mu iya yin wanka?

A'a. Ruwan da ke kwance a gefen kacalla yana da tsargiya. Wanda ya riga ya shiga, in ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani.